DUKUSHI YA FAƊO DA ƘAFA A KARKACE: A SAYAR KO A JIRA?

Mun san wani zai ɗaga wannan takarda ya ce, mu da abincinmu ke jikin shanu, ina ruwanmu da ɗan doki? To, a duba kara. Wanda ke tasowa da kaya daga Bakin Birji ko Kundumawa ya nufi Mai'aduwa ranar Lahadi, ko ya bi ta Dungas ya faɗa Maigatari ranar Alhamis, ya san sau da yawa akan haɗo da doki ɗaya ko biyu a bayan shanu. Masu hawan Salla na Kano da Katsina da Daura da Damagaram suna nema, ƴan sukuwa suna nema, samarin kilisa ma haka. Da yawa cikinmu kuma muna da goɗiya a gida, muna jiran ta haihu mu ga riba. Ranar da ta haihu ɗin, in dukushi ya faɗo da ƙafa a karkace, nan take cikin mai gida ke ɗurar ruwa.

LABARIN MUTUM BIYU

Abin da ya sa muka ɗauko maganar nan shi ne abin da ya faru da ƴan ƙungiyarmu biyu a kaka guda. Ba za mu kama suna ba, su sun san kansu.

Na farko ya sayo goɗiya da ciki daga arewa, ta haihu a gidansa da dare. Da gari ya waye aka ga dukushi yana tsaye, amma ƙafafunsa na baya sun saki har gaɓar da ke saman kofato tana neman taɓa ƙasa, gwiwoyinsa na gaba kuma suna gugar juna. Maƙwabta suka taru, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Aka kira mai ɗori, ya jera kara ya ɗaure da tsumma tamau, ya ce kada a kwance sai bayan kwana biyar. Da aka kwance, sai ga gyambo a ƙarƙashin kowane kara, ƙuda ya samu wurin zama, ƙafa kuma ta fi da sanyi. Mai shi ya haɗa uwa da ɗa ya sayar a kan faɗuwa, don ya huta da gani.

Na biyu, nasa dukushin ya zo da kusan irin wannan. Shi ma ya tashi kiran mai ɗori, sai tsohonsa, wanda ya yi shekaru yana kiwon dawaki, ya tare shi. Ya ce masa, "Alhaji, yana shan nono da kansa?" Ya ce, "Yana sha, Baba." Tsoho ya ce, "To, ka ɗebe hannunka. Yi masa ɗan shinge a inuwa shi da uwa tasa, kada ka bari ya bi ta daji, mu ga abin da sati biyu za su yi." Kafin sati uku ƙafafun baya sun tashi, gwiwoyi sun fara rabuwa. Yau dukushin nan in ka gan shi ba ka cewa ya taɓa karkata.

Ba muna cewa kullum a naɗe hannu a jira ba ne. Akwai karkatar da jira ke gyarawa, akwai wadda jira ke kashewa. Aikin mai doki shi ne ya san wacce ce a gabansa, ya kuma san kwana nawa gare shi.

NONO KAFIN ƘAFA

Kafin a tsaya kallon ƙafa, a fara da abin da ke riƙe rai. Likitocin dabbobi suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: dukushi lafiyayye ya miƙe tsaye cikin awa 1, ya kama nono cikin awa 2, mabiyiya ta faɗo cikin awa 3. A lura da wannan ta ƙarshen, domin mun saba da saniya, wadda akan ɗan yi wa haƙuri. Goɗiya ba haka take ba. In mabiyiya ta wuce awa 3 ba ta faɗo ba, a nemi likita, kuma kada a ja da ƙarfi.

Dukushi yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki daga uwarsa. Duk kariyar da zai samu tana cikin dakashi, wato nonon farko mai kauri. Hanjinsa yana tsotse wannan kariya sosai cikin awa 6 zuwa 12 na farko, in kwana guda ya cika ƙofa ta rufe. Ka ga kenan babbar ɓarnar karkatacciyar ƙafa a ranar farko ita ce ta hana shi kaiwa ga hantsa. In bai iya tsayuwa ba, mutum biyu su tallafe shi, ɗaya a ƙirji ɗaya a gindi, su kai bakinsa. In hakan ya gagara, a wanke hannu da hantsa, a tatsa cikin ƙwarya mai tsabta, a ba shi da bulumboti kaɗan-kaɗan, kamar lita 1 zuwa 2 cikin rabin yinin farko. Ya kasance yana kwance kan ƙirjinsa, kuma shi ke tsotsa da kansa. Kada a ɗaga kansa a ɗura, nono zai bi ta huhu. Kada kuma a tatse dakashi a zubar wai don ya yi kauri.

Sai cibiya. A tsoma ta cikin ruwan aidin da aka tsarma, sau biyu ko uku a kwanakin farko, a share wurin kwanciya daga kashi da fitsari. Dukushin da ke yawan kwanciya saboda ƙafa, cibiyarsa ce kullum a ƙasa. Za mu dawo kan dalilin wannan.

YADDA AKE DUBAWA

A tsayar da shi kusa da uwarsa a wuri mai tauri wanda ya daidaita, ba cikin rairayi mai zurfi ba. A duba ta gefe, a duba ta gaba da ta baya, sannan a ja uwar a hankali a ga yadda yake takawa. Don mu fahimci juna: gaɓar da ke tsakiyar ƙafar gaba ita ce gwiwa, takwararta ta ƙafar baya gwiwar baya, gaɓar da ke ƙasan ƙwauri kuma, saman inda ake ɗaura dabaibayi, za mu kira ta idon sawu.

Abin da ake gani ta gefe matsalar jijiya ce, ko ta saki ko ta ƙage. Abin da ake gani ta gaba, ƙafa ta kauce waje ko ciki, yawanci maganar ƙashi da gaɓa ce. Maganinsu ya sha bamban, har ma abin da ke gyara ɗaya yana ɓata ɗaya.

In aka ga ƙafa ta kauce gefe, akwai ɗan gwaji. A kwantar da dukushi, a riƙe sama da ƙasan gaɓar, a gwada miƙe ta a hankali, ban da ƙarfi. In ta miƙe a hannu, gaɓar ce ke da sanyi ko ƙananan ƙasusuwanta ba su gama ƙwari ba. In ta ƙi, karkatar tana cikin tsiron ƙashi ne.

NA ƊAYA: JIJIYA TA SAKI

Wannan ita ce ta dukushin tsohon nan, kuma ta fi yawa a ƙafafun baya. Idon sawu ya sauka ƙasa, bakin kofato ya ɗaga sama, yana takawa da dunduniya. Abin ba kyan gani, amma shi ya fi saurin warkewa. Naman ƙafa ne bai yi ƙarfi ba tukuna, kuma motsi ke ba shi ƙarfi. A bar shi cikin ɗan shinge, a riƙa zagayawa da uwar na ƴan mintoci sau biyu ko uku a yini, a mayar kafin ya gaji. Yawanci cikin ƴan kwanaki zuwa sati biyu ake ganin ƙafa ta tashi.

A nan ɗori guba ne. Duk ƙafar da aka ɗaure aka hana ta aiki ƙara saki take yi. Iyakar abin da za a sa shi ne ɗan ƙyalle mara nauyi a dunduniya in tana gogewa a ƙasa, a riƙa canzawa kullum. In saki ya yi yawa, likita ko gwanin kofato yakan manna ɗan siririn katako a ƙarƙashin kofato ya zarce ta baya kaɗan, don bakin kofato ya koma ƙasa. Shi ma ba a barinsa ya wuce kwana goma zuwa sati biyu, domin kofaton dukushi girma yake yi, abin da aka manna yana matse shi.

NA BIYU: JIJIYA TA ƘAGE

Wannan kishiyar ta farko ce. Gwiwa ta tanƙware gaba ta ƙi miƙewa, ko idon sawu ya tuntsura gaba har dukushi yana takawa da bakin kofato, wani ma da bayan gaɓar. Ta fi zuwa a ƙafafun gaba. Sau da yawa kwanciyar da ya yi a ciki ce ta jawo, kuma irin wannan dukushi yakan ba uwarsa wuya wajen haihuwa.

In yana iya tashi ya sha nono da kansa, mai sauƙi ce. A tsare shi a shinge, a riƙa miƙe ƙafar da hannu a hankali sau da yawa a yini. Nauyin jikinsa ma yana taimakawa, kuma da yawa suna miƙewa cikin sati guda.

In ba ya iya tsayuwa, nan ne ɗori ke da amfani, amma da sharaɗi. A naɗe ƙafar da auduga mai kauri sosai, a ɗora tiyon roba mai tauri wanda aka tsaga a tsaye aka goge bakinsa, sannan a naɗe da bandeji. Kara ko katako a kan fata tsirara, ko tsumma ɗaya tal, ba su isa ba. Fatar dukushi kamar ta jariri take, yini guda ya isa ta ɓalle. A kwance bayan kamar awa 8 zuwa 12, a duba fata, a bar ƙafa ta sha iska, sannan a mayar. Wanda ba zai iya wannan hidima kullum ba, gara kada ya fara. Ya fi kyau likita ya ɗaura na farko a gaban yaron barga, ya koya masa.

Akwai wata magana da ta shafe mu kai tsaye. Wasu sun ji cewa likitoci suna yi wa irin wannan dukushi allurar oksitetirasaikilin, wadda muka sani da Terramycin, don jijiya ta saki. Gaskiya ne ana yi, a kwanakin farko na haihuwa. Amma ta jijiyar jini ake ba da ita, a tsarma cikin ruwan ƙari, a tafiyar da ita sannu a hankali, bayan an tabbata dukushi ya sha nono ya ƙoshi, domin tana iya lalata ƙoda. Kwalbar nan mai dogon aiki da muke yawo da ita a aljihun mota don shanu ba ta wannan aiki ba ce. Wanda ya zuƙa ya soka wa ɗan kwana biyu a cinya, kumburi zai saya masa, ko abin da ya fi haka. A bar wa likita.

NA UKU: GWAME DA ƘAFAR BAKA

In ka tsaya a gabansa ka ga gwiwoyi sun matso juna, ƙwauri ya buɗe waje, wannan gwame ne. In gaɓar ta buɗe waje, ƙasan ƙafa ya shigo ciki, ƙafar baka ce. Akwai kuma wanda ƙafafunsa biyu suka kwanta gefe guda, kamar geron da iska ta bi ta kansa. Shi ma yawanci kwanciyar ciki ce, kuma hutu na ƴan makonni yakan miƙe shi.

A sani, ɗan gwame kaɗan a gwiwa ba aibi ba ne ga sabon haihuwa. Akasarin dukusai haka suke zuwa, ƙirji a tsuke, ƙafafu dogaye, kofato yana ɗan kallon waje. Yayin da ƙirji ke buɗewa, ƙafa tana juyowa daidai. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne idon sawun da ya karkato ciki. Da wuya ya gyaru da kansa, kuma buɗewar ƙirji ƙara shi take yi. Ga shi ba ya ɗaukar ido kamar gwamen gwiwa, sai mutum ya durƙusa ya duba da kyau.

ƘASHI YANA DA LOKACINSA

Kusa da bakin kowane dogon ƙashi akwai wani faifan guringuntsi, daga nan ƙashi ke ƙara tsawo. In gefe ɗaya ya fi ɗaya saurin tsiro, ƙafa ta karkata, kamar katangar da magini ya fi jera wa tubali a gefe guda. Nauyi madaidaici yana sa gefen da ya yi baya ya kamo, shi ya sa ƙaramar karkata ke gyara kanta. Nauyin da ya wuce kima kuwa danne tsiron yake yi. Dukushi mai gwame da ya wuni yana bin uwarsa kasuwa ko gona, kullum ƙara karkacewa zai yi.

Kowane faifai yana da ranar rufewarsa. Na idon sawu shi ke fara tsayawa: yawancin tsironsa cikin wata 2 na farko ne, zuwa wata 3 ko 4 ya gama. Don haka in idon sawu ne, a nemi gyara tun cikin watan farko. Na gwiwar baya yana ba da kamar wata 4, na gwiwar gaba kamar wata 6 na saurin tsiro. In faifan ya rufe, yadda ƙafa ta tsaya haka za ta zauna har tsufa. Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin yi a gida biyu ne. Na farko hutu: ɗan shinge a inuwa, ƙasa a daidaice, ba sumunti mai santsi ba, shi da uwarsa. Na biyu gyaran kofato da magagari. Mai gwame yana cinye gefen ciki na kofatonsa, gefen waje ya yi tsawo, sai a goge na wajen kaɗan. Mai karkatowa ciki yana cinye gefen waje, sai a goge na cikin. Shafa biyu ko uku na magagari sun isa, duk sati biyu. Wanda ya ce zai miƙe ƙafa rana guda da wuƙa, kofato zai ɓata, ya bar dukushi da ɗingishi.

Ga dabarar da za ta hana ido ruɗin mai shi. Ranar farko a ɗauki hoton ƙafafun da waya, daga gaba, a tsaye wuri guda. Duk sati a sake ɗauka a wurin nan. In ana samun sauƙi, a ci gaba. In gwamen gwiwa ya kai sati 4 zuwa 6 bai ragu ba, ko kowace irin karkata tana ƙaruwa, lokacin gida ya ƙare. Likitoci suna da aikin da suke yi, har da sa ƙusa ta musamman a gefen da ya fi saurin tsiro don ɗayan ya kamo, a cire in ƙafa ta miƙe. Wannan ma sai faifan yana da sauran tsiro. A fara da ma'aikatar kiwo ta kusa. Masu tsallaka iyaka kuma su tuna jami'o'in Sakkwato da Zariya da Maiduguri suna da asibitocin koyar da likitancin dabbobi, inda za a nemi shawara in doki mai daraja ne.

NA HUƊU: BAKWAINI

Cikin goɗiya wata 11 ne, wajen kwana 340. Wanda ya faɗo kafin kwana 320 bai cika ba. Alamunsa: ƙaramin jiki, gashi gajere mai laushi kamar siliki, kunnuwa a langaɓe, goshi a turo, ga rashin ƙarfi. Tagwaye ma haka suke zuwa, da ɗan goɗiyar da ta yi ciwo ko ta sha yunwa da ciki.

Cikin gwiwa akwai ƙananan ƙasusuwa jere biyu, haka ma gwiwar baya, kuma sai a ƙarshen ciki suke gama zama ƙashi. A jikin bakwaini guringuntsi ne tukuna. In ya yi ta tsalle da gudu a kansu, sai su murƙushe su bushe a haka, kuma wannan ba ta da gyara. Shi ya sa shawarar zagayawa da muka bayar a kan jijiyar da ta saki ba ta hau kansa ba. Nasa tsarewa ne sosai a ɗan ƙaramin wuri mai shimfiɗa, na makonni, a tashe shi ya sha nono ya koma. Hoton ƙashi ne kaɗai ke nuna ko sun yi ƙwari, don haka in da hali a kai ga likita tun satin farko.

KUMBURIN DA BA A JIRA DA SHI

Duk abin da muka faɗa na haƙuri ya tsaya a nan. Dukushin da bai kai wata guda ko biyu ba, in gaɓarsa ta kumbura ta yi zafi, yana ɗingishi, ya rage shan nono, kada a ce uwarsa ce ta taka shi. A ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga jini, sau da yawa ta cibiya, ta sauka a gaɓa. Ta fi kama wanda bai samu dakashi da wuri ba. Cikin ƴan kwanaki mugunya ke cinye guringuntsin gaɓar. Wannan ta yau ce, ba ta ranar kasuwa mai zuwa ba. Karkatar haihuwa ita kaɗai ba ta cika zuwa da zafi da kumburi ba, to in an gan su an san da wani abu.

A kuma riƙa duba lafiyayyar ƙafar. In ɗaya tana ciwo, ɗayar ke ɗaukar kaya duka, har ita ma ta fara lanƙwasa.

Wuta kuwa, ɗana ƙarfe mai zafi a gwiwa ko tsaga fata ba ya miƙe ƙashi, ba ya sakin jijiya. Ƙofa kawai yake buɗe wa cuta, ya bar tabon da zai rage kuɗin doki har abada. Haka ɗaure dukushi a turke ta ƙafa: fizgar da zai yi ta yi a kan gaɓar da ba ta yi ƙwari ba ta isa ta karkatar da mai lafiya ma.

Akwai kuma wanda ba ya gyaruwa, gara mu faɗa. In gaɓoɓi da yawa sun sandare ƙam ba sa motsi ko a hannu, ga baya ko fuska a murɗe, kwanaki sun wuce bai tsaya ba, a kira likita ya faɗi gaskiya, kada a bar dabba tana wahala a banza.

TUN DAGA CIKIN UWA

Yawancin girman ɗan cikin yana faruwa ne a wata 3 na ƙarshe, kuma abin da uwa ta ci shi ke gina ƙashinsa. Mu nan mun dogara da dusa da gero da dawa. Dusa tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, kuma in fosfaras ya rinjaya jiki ba ya samun kalsiyam ɗin da ƙashi ke bukata. Harawar wake da ta gyaɗa su ke da kalsiyam. Saboda haka goɗiya mai ciki da mai shayarwa a cika musu harawa, dusa ta zama ƙari. Kanwa tana da nata amfani, amma ba ta maye gurbin wannan. A ajiye dutsen lasa irin na ma'aikatar kiwo. Ƙarancin aidin, haka ma yawansa fiye da kima, yana sa a haifi dukushi da maƙoƙo da raunin ƙafafu, don haka kada a yi ta haɗe-haɗen magunguna ba da shawara ba. Kada ta rame, kada kuma a turke ta ta yi ƙiba kamar ragon layya. Shi ma dukushi in ya fara ci, kada a cika shi da hatsi don ya yi saurin girman kasuwa, saurin girma yana karkatar da ƙafa.

Sai maganar mota. Goɗiyar da hantsarta ta fara cika ta kusa, yawanci sati 2 zuwa 4 suka rage. In aka ga wani abu kamar kakin zuma a bakin nono, kwana ɗaya ko biyu ne. Irin wannan ba a cusa ta cikin tirela tsakanin bijimai a yi yini ana jiran takarda a bakin iyaka. Ko a bar ta ta haihu a gida, ko a bar cinikin. Wanda ya haihu a hanya kuma, a nema masa masauki wajen mai gida na ƴan kwanaki, kada a kora shi a ƙasa bayan garke.

In ingarma guda yana ta ba da ƴaƴa masu karkata iri ɗaya daga goɗiyoyi daban-daban, a canza shi. Siffar ƙafa tana bin jini.

MARAƘI FA?

Kusan duk abin da muka faɗa ya hau kan maraƙi da ɗan jaki. Maraƙi ya fi zuwa da ƙagewar idon sawun gaba, yana dungure a kan gaɓa. Mai sauƙi yana miƙewa cikin sati ɗaya ko biyu in ana miƙe masa da hannu, mai tsanani a yi masa ɗorin auduga da tiyo bisa sharaɗin da muka faɗa. Dakashi da cibiya duk ɗaya ne. Amma in aka ga maruƙa ko ƴan tumaki da yawa a garke guda sun faɗo da ƙafafu a sandare cikin lokaci guda, a sanar da ma'aikatar kiwo. Akwai cututtukan da sauro da ƙananan ƙwari masu cizo ke sa wa uwa tana da ciki, irin su Akabane, wadda aka fara ganowa a Japan a 1959, kuma alamarsu kenan.

IN AN ZO CINIKI

Mai saye, kada ka tsaya a kyan fuska da launin gashi. Fitar da dukushi daga rairayi, ka durƙusa a gabansa, ka shafa kowace gaɓa ka ji ko da zafi, ka duba cibiya, ka tambayi watanninsa. Ɗan sati biyu mai ɗan gwame a gwiwa, yana shan nono yana wasa, sau da yawa arha ce ta zo maka. Ɗan wata biyar mai idon sawu a karkace, abin da ka gani shi ka saya, kada wani ya ce maka zai miƙe.

Mai sayarwa, kada firgitar safiyar farko ta sa ka yar da dukiyarka kamar ɗan'uwanmu na farko. In kuma ka ga ba mai gyaruwa ba ne ka kai kasuwa, ka faɗi aibinsa, dillali ma ya faɗa. Sana'ar nan tamu bashi da amana ke tafiyar da ita daga wannan ƙasa zuwa waccan. Wanda ka ɓoye wa ƙafar dukushi a Maigatari, shi ne za ka tarar gobe a kan cinikin bijimai ashirin, kuma bai manta ba.

Muna roƙon wakilan ƙungiya a kowace kara su karanta wa waɗanda ba su samu takardar nan ba, musamman yaran barga, tunda su ke kwana da dabbobin. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan, ya gyaru ko bai gyaru ba, ya aiko mana da labari ta hannun sakataren reshensa, mu ƙaru da juna. Allah ya ba da sa'ar kasuwa, ya kai kowa gida lafiya.